Mai Bin Kwarkwasa: Lacca kan Wani Tsuntsun Kurmi da Faɗin Dajin da Yake Bukata

 

A ƙasar nan, duk lokacin da aka tashi maganar daji, da itatuwa ake yin lissafi. A ce an sare kaza, an dasa kaza, in na dashe ya fi na sara yawa sai a tafa, a tashi taro. Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne wannan lissafi bai kama kurmi ba. Ana iya barin itatuwa a tsaye, ganyensu kore shar, alhali kurmin ya riga ya mutu. Shaidar da zan gabatar wani ɗan tsuntsu ne da masana ke kira alete, wanda sunansa na kimiyya shi ne Alethe castanea. Yana zaune a kurmin kudancin Nijeriya, ya bi ta Kamaru da Gabon da ƙasashen Kwango har zuwa Yuganda. Tsawonsa bai wuce santimita 18 ba, nauyinsa kuma giram 30 ne ko ɗan sama da haka. Bayansa ja-ja ne mai duhu, cikinsa fari, fuskarsa toka-toka, kuma yana da wani ɗan zane ruwan lemo a tsakar kai wanda yake tayarwa in ransa ya ɓaci. Kukansa fito ne mai taushi, gaɓa biyu ko uku, kowace ta ɗara ta baya tashi. Ba ya hawa ƙololuwar itace. Rayuwarsa duka a ƙasa-ƙasa take, cikin duhun da ke tsakanin ganyayen da suka zube da rassan da ba su fi tsayin mutum ba, sheƙarsa kuma a kogon itace ko ruɓaɓɓen kututture, inda macen kan saka ƙwai biyu galibi. Mutum zai iya wuni a kurmi bai gan shi ba. Amma in ya ci karo da rundunar kwarkwasa tana farauta, ya ja gefe ya yi shiru, to da wuya bai gan shi ba.

Saboda haka sai mun fara sanin kwarkwasa kafin mu san tsuntsun. Wanda ta taɓa shigar masa ɗaki da dare ba ya bukatar a yi masa bayanin cizonta, amma tsarin zamanta ba kowa ya sani ba. Masana suna kiran jinsinta Dorylus. Gida ɗaya yana iya ɗaukar ma'aikata har miliyan 20, dukkansu makafi, da ƙamshi suke bin sawun juna. Uwarsu guda ce, sarauniya, wadda tsawonta kan kai santimita 5, babu wata tururuwa a duniya da ta kai ta girma, tana kuma zuba miliyoyin ƙwai a wata. Ku riƙe abu ɗaya game da ita, domin za mu dawo kansa: ba ta da fiffike. Sabon gida ba ya kafuwa sai tsohon ya rabu biyu, sarauniya ɗaya ta bi rabin jama'a a ƙasa. In rundunar ta fita farauta, takan bazu ta yi faɗin mita da yawa, tana tafiya a hankali tana bincike kowane ganye da kowane rami. Gyare, kyankyaso, gizo-gizo, fara, tana, shanshani, duk abin da ke ɓoye sai ya fito. Wanda ya tsaya an cinye shi, wanda ya yi tsalle ya faɗa bakin tsuntsu. Ba tsuntsaye kaɗai ke amfana da ita ba ma. Birran cimfanzi na Gashaka a Jihar Taraba suna tsoma sanda a gidanta su tsamo su ci.

Mu da muka tashi muna ganin balbela a bayan garke ba mu bukatar dogon bayani: saniya ta taka ciyawa, fara ta tashi, balbela ta cafke. Haka alete yake da kwarkwasa. Yakan maƙale a wani siririn tsiro ɗan sama da ƙasa, daidai goshin rundunar, ya zuba ido. Da ƙwaro ya yi tsalle sai ya faɗo ya ɗauke shi ya koma sama kafin kwarkwasar ta hau ƙafarsa. Galibi ba ita ce abincinsa ba, abin da ta kora yake ci. Kuma wurin ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai wasu tsuntsayen da ke taruwa, manya da ƙanana, kowa yana son goshin runduna inda ƙwari suka fi tashi, shi ya sa wannan tsuntsu mai kunya, wanda ko motsin mutum ba ya so, yake zama mafaɗaci a nan: ya tayar da zanen kansa, ya baza wutsiya, ya kori ɗan'uwansa. An daɗe ana zaton taimakon juna ake yi, wato tsuntsu yana koro wa kwarkwasa ƙwarin da suka tsere. Gwajin da Peter Wrege da abokan aikinsa suka yi a Panama, wanda aka buga a 2005, ya nuna akasin haka a kan takwarorinsu na can: in aka kore tsuntsayen, tururuwar tana samun abinci fiye da in suna nan. Ashe cin arziki ne kawai. Wannan yana da muhimmanci ga hujjata, domin ya nuna dogaron gefe ɗaya ne. Kwarkwasa za ta rayu babu tsuntsu. Tsuntsun ne ke cikin matsala in babu ita.

Yanzu ga inda lissafin yake. Halitta mai nauyin giram 30 da jini mai zafi ba ta iya yin kwanaki ba ci. Kullum sai ta samu, balle in akwai 'ya'ya a sheƙa. Gidan kwarkwasa kuwa ba kullum yake fita farauta ba, kuma ba ya dawwama a wuri ɗaya, in abincin kewaye ya ƙare sai ya yi ƙaura. Don haka tsuntsun da ya dogara da ita ba gida ɗaya yake bukata ba. Yana bukatar gidaje da yawa a cikin yankin da zai iya zagayawa, ta yadda in wannan ya kwanta yau, wancan ya fita. A kurmin Amurka ta Tsakiya an ga tsuntsaye masu irin wannan sana'a suna zagaya gidajen tururuwa da safe suna duba wanda zai fita. Kowane gida kuma yana cin fili mai faɗi, tunda bakuna miliyoyi ne ke ci a cikinsa. In ka haɗa waɗannan biyu, za ka ga ɗan tsuntsun da tafin hannu zai rufe yana bukatar daji fiye da yadda girmansa ya nuna nesa ba kusa ba. Kuma ba miji da mata guda ake magana ba. Sai an sami adadin da zai jure shekarar fari da shekarar da macizai da beraye suka cinye ƙwai. Tun a 1944 Reginald Moreau, wanda ya daɗe yana aiki a Amani ta ƙasar Tanganyika, ya nuna tsuntsayen yankuna masu zafi suna saka ƙwai kaɗan in aka kwatanta da danginsu na Turai. Mai saka biyu ba ya saurin mayar da asara.

Abu na farko da mai sauraro zai ce shi ne: ai tsuntsu ne, yana da fiffike, in wannan daji ya yi masa kaɗan sai ya tashi zuwa wani. Maganar tana da ma'ana ga wanda ya saba da shamuwa, wadda ke zuwa da damina ta koma da kaka, ko tsattsewar da ke ƙetare Sahara. Amma tsuntsun ƙarƙashin kurmi wata halitta ce daban. Fiffikensa gajere ne mai zagaye, an yi shi don kurɗawa tsakanin rassa, idonsa kuma ya saba da duhu. A 2008 Randall Moore da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji mai sauƙi da suka yi a tafkin Gatun na Panama. Suka kama tsuntsayen kurmi iri goma, suka shiga da su jirgin ruwa, suka riƙa sakinsu a nisan mita 100 da 200 da 300 daga gaɓa. Wasu suka ƙetare ba wahala. Wasu kuwa ko mita 100 ba su iya ba, sai dai a tsamo su daga ruwa. Kuma waɗanda suka kasa ɗin su ne aka tarar babu su a ƙananan tsibiran tafkin. A Amazon an tarar ko hanyar mota marar kwalta, wadda ba ta da yawan zirga-zirga, tana rage ƙetarawar irin waɗannan tsuntsaye. Shi kansa alete yana ɗauke da tasa shaidar. A yammacin Afirka akwai wani zirin fili da ya ratsa ta Benin da Togo da gabashin Gana har bakin teku, ya raba kurmi gida biyu. A yamma da shi akwai alete mai farin ɗigo a wutsiya, Alethe diademata. A gabas namu marar ɗigon. An daɗe ana ɗaukarsu iri ɗaya kafin a raba su. Rabuwar kurmi ta daɗe har ta bar alama a jikinsu.

Abin da ke faruwa in an yanke daji an gan shi da ido a wurare biyu. Lokacin da aka tare kogin Chagres don gina mashigin ruwan Panama, ruwa ya cika kwari, kan wani tudu ya zama tsibiri wajen 1914. Shi ne Barro Colorado, mai faɗin hekta 1,500 da 'yan kai. An keɓe shi a 1923, babu sara, babu noma. Duk da haka Edwin Willis, wanda ya shafe shekaru yana bin tururuwa da tsuntsayenta a can, ya lissafa a 1974 cewa iri 45 na tsuntsayen da ke hayayyafa a tsibirin sun ɓace. A nan dole a yi adalci: da yawa daga cikinsu tsuntsayen saura ne da bakin daji, waɗanda suka rasa wurin zama saboda tsofaffin gonaki sun koma kurmi, Willis da kansa ya faɗi haka. Amma ragowar na cikin kurmi ne sosai, kuma babban mai bin tururuwa na tsibirin ya ƙare cikin shekarun 1970, alhali yana nan a dajin da ke tsallaken ruwa. Wuri na biyu yana arewa da birnin Manaus na Brazil. Dokar ƙasar a lokacin ta wajabta wa masu buɗe wuraren kiwon shanu su bar rabin filinsu daji, sai Thomas Lovejoy ya ga dama a ciki: a 1979 ya shawo kan masu filayen su bar rabin nan a yanki-yanki, hekta 1, hekta 10, hekta 100, aka ƙirga tsuntsaye kafin sara da bayan sara. Masu bin tururuwa su ne suka fara ɓacewa daga yankunan hekta 1 da 10. Lissafin da Gonçalo Ferraz da abokansa suka fitar a 2003 ya nuna yanki mai hekta 100 yana rasa rabin ire-iren tsuntsayensa na ƙasa-ƙasa kafin shekara 15. Itatuwan cikin yankunan nan ba wanda ya sa musu gatari.

Wani zai ce, kuma wannan ita ce suka mafi nauyi, duk wannan labarin Amurka ne. Tsuntsayen can ba dangin alete ba ne, sana'a ce kawai ta zo ɗaya, tururuwar can ma daban take. Wasunsu kusan ba sa cin komai sai a bayan runduna, shi kuwa alete ana ganinsa yana kiwo shi kaɗai in babu kwarkwasa. Ƙari a kan haka, kurmin Afirka ya sha tsukewa da buɗewa a tsawon zamani, mutane kuma sun daɗe suna sassabe a cikinsa, don haka mai yiwuwa abin da ya rage a ciki ya fi juriya. Na yarda da rabin wannan magana, kuma bai kamata a kwaso adadin Manaus a ɗora wa gandun Okomu na Jihar Edo kai tsaye ba. Amma an yi binciken a Afirka. Kurmin Kakamega a yammacin Kenya shi ne ƙarshen gabas na wannan babban kurmi da ya taso daga yammacin Afirka, kuma noma ya yayyanka gefensa ya bar ƙananan yankuna irin su Malava da Kisere da Kaimosi. Marcell Peters da abokan aikinsa sun bi rundunonin kwarkwasa a can, suka buga sakamako a 2008 da 2009. Sun ga tsuntsaye sama da iri 50 suna halartar farauta, amma kaɗan ne suka ƙware a kanta, ciki har da wani ɗan'uwan alete mai ƙasa-ƙasan ƙirji. Waɗannan ƙwararrun su ne suka fi raguwa a ƙananan yankuna. Abin da ya fi jan hankali shi ne dalilin. Kwarkwasa ba ta ƙare ba. Iri biyu ne a dajin: Dorylus wilverthi, ta cikin kurmi, wadda ke fita farauta rani da damina, da Dorylus molestus, wadda ke jure fili da gona amma takan lafa in ƙasa ta bushe. A ƙananan yankuna ta farko ta ragu ƙwarai, ta biyu ta maye gurbinta. Malamin daji da ya zo da damina zai ga itatuwa, ya ga kwarkwasa, ya rubuta lafiya lau. Tsuntsu kuwa da rani yake jin bambancin, lokacin da ya zagaya bai sami runduna ko ɗaya a waje ba.

Sai maganar dashe. Ba na raina dashen itace, kuma mu 'yan arewa mun fi kowa sanin darajar darbejiya a bakin hanya da shingen itatuwan da ke tare iska da yashi. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 yana da nasa aikin. Kuskuren shi ne a ɗauki dashe a biya bashin kurmin da aka sare. Gonar malaina ko ta tik ko ta roba ko kwakwar manja itace iri ɗaya ne, shekara ɗaya, a jere, ana share ƙarƙashinsa. Babu tarin ganye iri-iri da ke ruɓewa cikin laima, babu tsohon kututture mai kogo, rana da iska suna shiga su busar da ƙasa. Ko da ma gonar ta yi inuwa, sai kwarkwasar kurmi ta iso ta, ita kuwa sarauniyarta a ƙasa take tafiya, ba za ta ratsa buɗaɗɗen fili mai zafi ba. Sai dai akwai wani sashe na labarin Manaus da ya kamata a faɗa, domin yana rage kaifin maganata kuma yana nuna mafita. Da kiwon shanun ya gaza aka bar wasu filayen, saura ta tsiro a kewayen yankunan, sai masu bin tururuwa suka fara dawowa ta cikinta, musamman inda ba a yi ta ƙona ƙasar ba. Wato daji yana iya ɗinkewa in akwai babban kurmi kusa da zai ba da iri, in kuma tsakaninsu akwai rufi ko da na ƙananan itatuwa ne. Gonar koko ko ta goro da aka bar mata manyan itatuwan asali a sama ba kurmi ba ce, amma ta fi fili tsirara nesa, domin ana iya ratsa ta.

Na san akwai wanda ke zaune yana cewa a ransa: mutane na fama da abin da za su ci, ana yi mana lacca a kan tsuntsu mai giram 30. Ba zan amsa da cewa alete zai kawo kuɗin shiga ba, domin ba zai kawo ba. Masu yawon kallon tsuntsaye ba su da yawan da za su ciyar da ƙauye. Ba zan kuma ce a hana manomi gona ba. Abin da shaidun nan suka nuna ya fi haka sauƙin ɗauka: in za a sare hekta 1,000, yadda aka sare ta yana da nauyi kamar yawanta. A ci daga gefe ɗaya a bar sauran a dunƙule daban ne da a huda ta ko'ina a bar tsibirai ashirin, ko da adadin itatuwan da suka rage ɗaya ne a takarda. Barin zirin daji a bakin rafi ya haɗa yanki da yanki ba ya cin fili mai yawa, kuma rafin kansa yana amfana. Karkatar da hanya ta zagaye kurmi ya fi tsada a shekarar gini kawai. An ga misalin wannan a Jihar Kuros Riba, inda a 2015 aka ƙaddamar da shirin babbar hanya mai tsawon kilomita 260, da niyyar karɓe fili kilomita 10 a kowane gefenta. Ƙauyukan da ke da dazukan gado da masu kare muhalli suka yi ta ƙorafi, a 2017 aka janye batun karɓe filin. Jama'ar ba don tsuntsu suka tashi ba, don gonakinsu da dajinsu ne, amma bukatarsu da tasa ta zo ɗaya.

Kada kuma mu ɗauka abin na kudu ne kawai. Katakon da ake sayarwa a kasuwannin Kano da Kaduna, da goron da ya kai kakanninmu Gwanja ya zaunar da 'yan'uwanmu a Shagamu, daga wannan yanki suke fitowa, don haka muna cikin masu ci. Gandun Okomu a Jihar Edo bai fi murabba'in kilomita 200 da kaɗan ba, kuma gonakin roba da kwakwar manja da ƙauyuka sun kewaye shi. Ya zama tsibiri ko da babu ruwa. A arewa ma muna da ƙananan kurame da ke riƙe da tsuntsayen da asalinsu na babban kurmi ne, irin na Kagoro da Nindam a kudancin Kaduna, da Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, ga kuma zirin kurmi da ke bin rafuka a Gashaka. Su ne suka fi kama da yankunan Kakamega, kuma su ne sassabe da gobarar rani da kiwo ke ci daga baki shekara bayan shekara. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana horar da ɗaliban da suka iya kafa raga, su sa wa tsuntsu zobe a ƙafa, su dawo baɗi su duba ko yana nan. Aikin da ya kamata a ba irinsu a waɗannan dazuka shi ne su ƙirga rundunonin kwarkwasa a watan Janairu da Fabrairu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, su tantance wace iri ce, su rubuta tsuntsayen da suka halarta, sannan a ajiye wannan adadi kusa da adadin itatuwa a rahoton ma'aikatar gandun daji.